Yini ɗaya a Nusa Penida da ɗan jagora: ya isa, ko wahala ce kawai za mu saya?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zuwa Bali. Ina karatu a Malesiya, kuma a watan Agusta insha Allahu zan halarci taron ƙara wa juna sani a Denpasar, babban birnin Bali a ƙasar Indonesiya, zan tafi da maiɗakina. Bayan an tashi taro yini ɗaya tal ya rage mana kafin mu juyo. Ita kuma ta ƙwallafa rai a kan tsibirin Nusa Penida, wurin nan da ake yawan ɗora hotonsa, inda dutse ya miƙe cikin teku kamar wata dabba ta wangame baki. Masu shirya yawon sun ce za su ɗauke mu daga otal da sassafe, su sa mu a jirgin ruwa, a can mota da direba na jiranmu, a zaga da mu wurare huɗu, a dawo da mu kafin magariba. Shin yini ɗaya yana isa? Kuma dole sai da ɗan jagora, ko mu tsallaka da kanmu in ɗauki hayar babur?

Sadiq_KL:
Wa alaikumus salam Malam. Na yi wannan yawon, kuma zan faɗa maka yadda ranar take don kada hoto ya ruɗe ka. Ƙarfe shida da 'yan mintoci mota ta zo otal. Muka isa tashar Sanur, muka yi jira, jirgi ya tashi wajen takwas. Tsallakawa minti arba'in ne ko ƙasa da haka. Daga inda jirgi ya sauke mu zuwa Kelingking, wato dutsen da madam ke magana, kusan awa guda a mota, kan hanya siririya mai hawa da gangara, in motoci biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe. Da muka isa sai na tarar da layi, layin ɗaukar hoto fa, kamar na gidan mai lokacin wahalar fetur. Minti arba'in direba ya ba mu. Daga nan Broken Beach da Angel's Billabong, su biyun suna kusa da juna, da ƙafa ake zuwa. Sai abinci, sai Crystal Bay, sai gudu a kamo jirgin ƙarfe huɗu da rabi. In ka lissafa, zaman mota da na jirgi ya ninka kallon. Amma duk da haka ban yi da-na-sani ba. Tsayuwar farko da na yi a bakin dutsen nan na leƙa ƙasa, ruwa shuɗi shar, farin yashi can ƙasa mutane kamar tururuwa, sai da na yi tasbihi ban sani ba.

DanAcaba_PhD:
Babur kawai! Mu da muka yi acaɓa a Kano kafin a hana, wace hanya ce za ta ba mu tsoro? Ka ɗauki babur ka tsaya inda ka ga dama, ba mai ƙirga maka minti.

Sadiq_KL:
@DanAcaba_PhD ka je wurin ne, ko daga Hotoro kake ba da fatawa?

DanAcaba_PhD:
Ban je ba tukuna, amma babur babur ne.

Injiniya_Bello:
Babur ba babur ba ne a can, ɗan'uwa. Na farko, a Indonesiya ta hagu ake tuƙi, kai kuwa hannunka ya saba da dama, kuma a lokacin firgici hannu abin da ya saba yake yi. Na biyu, tsibirin dutsen farar ƙasa ne, wasu gangaren cike suke da tsakuwa, in ka damƙe birkin gaba ta zame. Ni da idona na ga Turawa biyu da gwiwoyi a ɗaye, an naɗe da bandeji, suna ɗingishi a tasha. Abban Hanifa ya saba da tuƙin hagu a Malesiya, wannan na yarda, amma da goyo a baya, a hanyar da bai sani ba, kuma yana tseren kamo jirgin ƙarshe? Sauri ya haifi nawa. Ka ɗauki direba.

Abin da zan ƙara shi ne ka bambanta yawon haɗaka da na ku kaɗai. A na haɗaka za a cusa ku mota ɗaya da baƙi, in ɗaya ya makara kowa ya makara. In motar taku ce ku biyu, kai ke cewa a wuce ko a tsaya. Bambancin kuɗin bai kai daɗin da za ka ji ba.

Alhaji_Tanabang:
Kafin a kai ga babur da mota, Malam ka riga ka sami biza? Shekara da shekaru ina sayo kaya a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta, na san wahalar. Fasfon Najeriya yana cikin 'yan ƙasashen da Indonesiya ta ware, ba a ba mu biza a filin jirgi kamar yadda ake ba wasu. Sai an samu wanda zai tsaya maka daga can, hukumar shige da fice a Jakarta ta duba ta amince. Kada ka biya kuɗin yawo tukuna.

Abban_Hanifa:
Na gode Alhaji. Masu taron ne suka tsaya mana, ni da ita, an riga an miƙa takardu tun tuni. Muna jiran amsa, a taya mu da addu'a.

Alhaji_Tanabang:
Allah ya sa a dace. To ka riƙe kuɗin hannu na rufiya. Tun 14 ga Fabrairu 2024 Bali ta sa harajin baƙi, rufiya 150,000 kowane mutum, ana biya ta intanet. Shi ma tsibirin yana da nasa kuɗin shiga da ake karɓa a tasha. Ka tambayi masu yawon a rubuce, me da me ke cikin kuɗin da suka yanka maka, don kada a je can a fara "wannan ba ya ciki".

Ummu_Sultan:
Ni tambayata ita ce salla da abinci. Na ji an ce Bali ba Musulmi ne suka fi yawa ba.

Malam_Nura_Jogja:
Haka ne Hajiya. Indonesiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi in ana lissafi, ko ita ko Pakistan, amma Bali mabiya addinin Hindu ne mafi rinjaye, kuma gasasshen alade na cikin abincin da suke alfahari da shi, suna kiransa babi guling. Duk inda kika ga kalmar babi a allo, ki wuce. Sai dai Allah ya kawo sauƙi: a Nusa Penida akwai ƙauyen Musulmi, Toyapakeh, yana bakin teku daf da inda jirage da yawa ke sauke fasinja, da masallacinsu da ƙananan gidajen abinci na halal. Abin da na yi shi ne na ce wa direba tun da safe ba zan ci a gidan abincin da suka tsara ba, ya ajiye ni Toyapakeh kafin jirgi. Nan na ci shinkafa da gasasshen kifi, na yi azahar da la'asar. Bai ko yi gardama ba.

Wani abin dariya, Abban Hanifa ya riga ya sani tunda yana Malesiya, amma ga wanda zai taso daga gida: alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Ran da na fara zuwa ƙasar na buga wa mahaifiyata waya na ce mata yanzu yamma nake kallo in zan yi salla, sai ta yi salati ta ce me aka ba ni na sha. Mu da muke ce wa mai salla "ya fuskanci gabas".

Hauwa_Zinder:
Hhhh Allah ya ƙara wa Inna lafiya, tana da gaskiya.

Gaskiya_Daci:
Ni fa ban gane ba. Mutum ya kwashi kuɗi ya tsallaka teku don ya je ya tsaya a bakin rami ya ɗauki hoto? Kuɗin nan da an tara ai ya kama hanyar Umra. Ga Yankari, ga Dutsen Zuma, ga Mambila, duk ba mu gama gani ba.

Sadiq_KL:
Mutumin nan taro ya kai shi, yana da yini ɗaya, daga Kuala Lumpur zuwa Denpasar awa uku ne a jirgi. Ina Umra ta shigo? Kuma a Mambila akwai teku?

Gaskiya_Daci:
Ra'ayina na faɗa, ban hana kowa ba.

Anti_Rabi_Abuja:
Ku bar wannan, mu koma kan tambaya. Ɗana Abban Hanifa, ni na je da 'yata, kuma abin da ba wanda ya faɗa mana shi ne jirgin. Ba irin babban jirgin nan ba ne mai tafiya a natse. Ƙarami ne mai injuna jere a baya, yana dukan ruwa yana tsalle, kowane tsalle sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Mashigin da ke tsakanin Bali da tsibirin, Badung suke ce masa, ruwansa na da ƙarfi, kuma Yuli da Agusta lokacin iska ne duk da rani ne a wurinsu. Zuwa da safe da sauƙi. Dawowa da yamma kuwa rabin jirgin leda a baki. Ku sha maganin jiri tun kafin ku shiga, ku zauna baya, kada ku cika ciki da safe, kuma ku duba inda rigunan ceto suke kafin a tashi. In madam tana da wani uzuri na mata, ka gane nufina, to ka yi tunani sau biyu.

Abban_Hanifa:
To Anti, tunda kin taɓo wurin... gaskiya ba ita kaɗai ba ce. Zuwa lokacin za ta shiga wata na biyar.

Anti_Rabi_Abuja:
Inna lillahi! Shi ne ka zo kana tambayar hayar BABUR? Kai yaran zamani! Ai da wannan ya kamata ka fara.

DanAcaba_PhD:
Na janye maganata. Ban san da fasinja na uku ba.

Dr_Maryam_K:
Allah ya raba lafiya. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, likitar da ke duba ta ce ta san yanayinta, ku kai mata maganar kafin ku biya komai. Amma ku gaya mata gaskiyar tafiyar, kada ku ce "ɗan yawo ne a bakin teku". Ku ce jirgi mai jijjiga kusan minti arba'in sau biyu, mota a hanya mai gargada awa uku ko fiye, rana mai zafi, ga tsayuwa. Kuma kada ta sha maganin jirin da Anti ta ambata sai likita ta zaɓa mata. Ku tuna tsibiri ne, in wani abu babba ya taso, komawa Bali ta ruwa ce. Wasu kamfanonin jiragen ma suna da nasu sharuɗɗan kan masu juna biyu, ku tambaya.

Injiniya_Bello:
Ko da likita ta yarda, sauka ƙasan Kelingking ya fita daga lissafi. Mutane suna ganin farin yashin nan a hoto su ɗauka matattakala ce irin ta bene. Farkonta ne kawai matattakala. Daga tsakiya hanyar ta bi ta kan doron dutsen, siririya, hagu rami dama rami, sai shingen itace da igiya da kake riƙewa, wani wurin da hannu da ƙafa ake sauka. Ni sauka ta ɗauke ni kusan minti hamsin, hawowa ya fi awa, ruwan shana ya ƙare a rabi. Kuma in ka sauka ba wanka za ka yi ba, an hana shiga ruwan saboda igiyar na ja, ta ci rayuka ba ɗaya ba ba biyu ba. Masu yawon yini ɗaya ma ba sa ba ka lokacin sauka. Daga sama ake kallo, kuma wallahi daga saman ya fi kyau.

Af, sunan ma: kelingking a yarensu ƙaramin yatsa ne. Baƙi ne suka ga ya yi musu kama da kan dabbar nan ta zamanin da, dainaso.

Hauwa_Zinder:
Ba an ce ana gina lif na gilashi a wurin ba? Na ga bidiyo.

Malam_Nura_Jogja:
An fara, mai tsawon mita 182, a manne da jikin dutsen. Da hotunan ƙarafan suka bazu sai mutane suka yi ca, suka ce an ɓata wurin da ake zuwa gani. A ƙarshen 2025 gwamnan Bali, Wayan Koster, ya ba da umarnin a tsayar da aikin a kuma rushe, saboda matsalar izini da dokar tsara ƙasa. Ni dai ra'ayina ya yi daidai. In ka sauƙaƙa wa dubban mutane sauka zuwa ruwan da aka hana shiga, me kake nema?

Alhaji_Tanabang:
Ni kuma ina ganin tsofaffi irinmu ma suna da haƙƙin taka yashin. Amma ƙasarsu ce.

Fatee_Travels:
Ni zan saɓa wa kowa. Abin da kuke ta bayani duk yawon yamma ne, kuma shi kowa ke yi, shi ya sa ake layi. Ɓangaren gabas ya fi min: Diamond Beach da matattakalarta da aka sassaƙa a jikin farin dutse, Atuh a ɗaya gefen, sai wurin da ake hango ƙananan duwatsu tsaitsaye a cikin teku, inda ɗan gidan nan na kan bishiya yake. Ya fi nisa, fiye da awa guda daga tasha, amma mutane ba su kai na yamma ba. Abin da zan roƙe ka, duk wanda ya ce zai haɗa maka gabas da yamma a yini ɗaya, ka gudu. Na yi wannan kuskuren a zuwana na farko. Tsibirin ya kai murabba'in kilomita 200, kuma ba hanya ɗaya ce ta zagaye shi ta bakin teku ba, sai an koma ciki a sake fitowa. Minti goma sha biyar-biyar muka riƙa yi, sauka, hoto, hau. Da na dawo otal na buɗe waya ina kallon wuraren kamar wata ce ta je ta turo min. Zuwa na biyu na kwana biyu a can, na isa Kelingking kafin jiragen Sanur su iso, mu biyar ne kawai a wurin da birai.

Sadiq_KL:
Birai! Na manta. Ɗaya ya fizge min ledar biskit daga hannu, ya zauna kan shinge yana ci yana kallona. Ku ɓoye tabarau da waya, kada ku riƙe leda a hannu.

Fatee_Travels:
Kuma a lura da ƙasa in ana tafiya. Za ku ga 'yan ƙananan faifai na ganyen kwakwa da furanni da turare a bakin ƙofofi da kan hanya, na ibadarsu ne. Ba ruwanka da su, amma kada ka taka da gangan, tsallakewa ake yi.

Baba_Kumasi:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, na yi shekaru a Tema da Takoradi, ban taɓa zuwa Bali ba amma na san teku. Yawancinmu 'yan tudu ne, ruwan da muka sani kogi ne da dam. Teku tana yin shiru, ta turo ƙananan igiyoyi guda biyar, shida, ka saki jiki, sai ta turo babba. Wannan tafkin da kuka ambata mai sunan mala'ika, Angel's Billabong, in na fahimta bakinsa a buɗe yake ga teku. Kada ka ba teku baya don hoto. In ɗan gari ya ce kada ka sauka, kada ka sauka, ko da ka ga Bature ya sauka.

Injiniya_Bello:
Baba ka faɗi daidai kamar ka je. Angel's Billabong kwarmin dutse ne da ruwa ke taruwa in teku ta janye, garau kana ganin ƙasansa. In ta kawo kuwa igiya ke faɗowa ciki ta share abin da ta samu, kuma ta sha tafiya da mutane. Ran da na je an ɗaure igiya an hana sauka. Nan ne amfanin ɗan jagora na gaske yake: direbanmu ya kalli ruwan kawai ya ce yau ba rana ba ce. Broken Beach kuwa, su Pasih Uug suke cewa, ba wurin sauka ma, rami ne babba zagayayye, teku na shigowa ta ƙarƙashin wata gada ta dutse da Allah ya yi. Zagaya shi ake yi a ƙafa, fili ne, ko madam za ta iya. In an yi sa'a daga sama ana hango manta, kifin nan mai faɗi kamar tabarma.

Gaskiya_Daci:
Duk wanda ya yi magana sai ya ambaci mutuwa, amma kuna cewa a je.

Anti_Rabi_Abuja:
Hanyar Kaduna fa? Ka daina bi?

Malam_Nura_Jogja:
Wani abu kan direbobin. Kada a ɗauka ɗan jagora ne irin mai ba da tarihi. Mafi yawansu direbobi ne kuma masu ɗaukar hoto, sun san inda za ka tsaya da yadda za ka karkata, har bishiya suke hawa su ɗauko ka daga sama. In kana son labari sai ka tono shi. Nawa da na ja shi da hira ya ce min iyayensa noman ciyawar teku suke yi kafin baƙi su fara zuwa, kuma ruwan sha shi ne babbar matsalarsu, don dutsen farar ƙasa ba ya riƙe ruwa, da na sama suke tarawa a tankuna. A zamanin sarakunan Klungkung na Bali ma nan ake kai masu laifi a yasar, har yau kuma tsibirin a ƙarƙashin gundumar Klungkung yake. Wurin da a da ake kai mutum don horo, yau mutum ke biyan kuɗi ya je.

Ummu_Sultan:
Ni da na karanta duk wannan, in ni ce ita, a bar ni a Sanur in zauna a inuwa in sha ruwan kwakwa, ana hango tsibirin ma daga can.

Alhaji_Tanabang:
Sanur ɗin ma yanzu an gyara. Kafin a buɗe sabuwar tasha a Nuwamba 2022, naɗe wando ake yi a shiga ruwa har gwiwa kafin a hau jirgi, kaya a ka. Ka ga da a lokacin ne da ba a ma fara wannan muhawarar ba.

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum. Ni ce madam ɗin da ake ta magana a kanta, ya manta ina cikin zauren nan. Anti Rabi na gode, maganar babur dama ban san da ita ba, yanzu nake gani. Dakta, ranar Talata ina da awo, zan kai mata bayanin kamar yadda kika tsara. Amma ku ji nawa: shekara uku ina zaune a ɗaki ɗaya a Malesiya yana rubuta kundi, hoton dutsen nan ne a fuskar wayata. Ba sauka nake so ba, ba wanka ba. In tsaya in gani da idona kawai.

DanAcaba_PhD:
Malam an kama ka.

Abban_Hanifa:
Na shiga uku. To Hajiya, duk abin da likita ta ce shi za a yi.

Fatee_Travels:
Maman Hanifa, in ta ba ki izini, ki sa shi ya ɗage tikitin komawa da kwana ɗaya ku kwana a tsibirin. Ku tsallaka da jirgin safe lokacin da ruwa ke kwance, ku huta, washegari Kelingking da sanyin safiya, ku dawo da jirgin safe ko na hantsi. Kin kauce wa jirgin yamma, kin kauce wa layi.

Sadiq_KL:
In bizar ta ba su damar ƙarin kwana ke nan. @Alhaji_Tanabang, irin wadda masu taro ke nema wa mutum, kwana nawa ake bugawa?

Alhaji_Tanabang:
Ya danganta da abin da mai tsaya maka ya nema. Ya duba takardar in ta fito kafin ya taɓa tikiti.

Hauwa_Zinder:
Ni kuma tambayata daban: wanda bai iya ruwa ba sam, zai iya shiga kallon mantan nan da rigar ceto, ko sai dai daga cikin kwalekwale?